Waken da Ya Ƙi Bushewa

Akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare. A gida Barkono ake ce mata. Kakarta ce ta laƙa mata sunan tun tana rarrafe, kuma duk wanda ya taɓa yin musu da ita ya san Kaka ba ta yi kuskure ba. Ga ta 'yar mitsitsiya, amma in ta buɗe baki sai ka nemi ruwa.

Tana da ƙoƙari, wannan kam babu musu. Kimiyya ce darasin da ta fi so. Babban burinta shi ne ta leƙa madubin likita, wanda aka ce yana mai da ƙafar sauro kamar taɓarya. Makarantarsu ba ta da shi. A hoton littafi kawai take ganinsa.

Wata rana malamin kimiyya ya shigo aji da albishir. Yara suna kiransa Malam Jan Biro, amma fa a bayan idonsa. Bai taɓa mayar wa ɗalibi takarda ba sai ya yi mata jan ado.

Ya ce, "A ƙarshen zangon nan za a kai ɗalibai jami'a su ga ɗakin gwaje-gwaje. Kowa zai leƙa madubin likita da idonsa. Amma motar ba za ta ɗauki kowa ba. Sai wanda ya ci maki sittin a aikin da zan ba ku yanzu."

Barkono ta gyara zama. Zuciyarta ta riga ta shiga motar.

Aikin ba mai wuya ba ne. Kowa ya nemi gwangwani biyu, ya zuba ƙasa, ya shuka wake. In sun tsiro, a riƙa ba ɗaya ruwa, ɗayan kuma a hana shi. A riƙa aunawa, a zana, a rubuta abin da aka gani.

Tana komawa gida ta hau aiki. Ta huda gwangwanayen da ƙusa, ta shuka wakenta. Ta ajiye su a gindin bango kusa da ƙofar ɗakin Kaka, domin nan ne rana ta fi zama. Da suka tsiro sai ta sami 'yar takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A BA NI RUWA. Ta liƙa a jikin ɗaya. Ba ta yi wa kowa bayani ba. A ganinta aikinta ne, kuma wanda ke da ido ai zai karanta.

Kullum in ta dawo daga makaranta, kafin ma ta cire takalmi, sai ta ɗauko rula. Ta ba na farko ruwa, ta auna su duka, ta zana ganyen. Tana jira ta ga na biyun ya yi yaushi, kamar yadda littafi ya ce.

Shiru, wake bai yi yaushi ba.

Sati ya wuce, wani ya biyo. Waken da aka hana ruwa yana nan shar, kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Har wani sabon ganye ya fitar, kamar da gangan.

Ta ba ƙawarta da suke zama benci ɗaya labari. Ƙawar ta yi dariya ta ce, "Ke dai kina da wahalar da kai. Ni nawa tuni kaza ta tone shi. Abin da littafi ya ce na rubuta. Ke ma ki ce ya bushe mana, wa zai zo gidanku dubawa?"

"Bai bushe ba," in ji Barkono. "Don me zan ce ya bushe?"

"To ki zauna nan."

Barkono ta rubuta abin da idonta ya gani, tiryan-tiryan. Da ta tsaya nan da shi ke nan. Amma ina! A ƙarshen shafi sai da ta ƙara, har da jan layi a ƙasa: "Littafi bai faɗi daidai ba. Wake ba ya buƙatar ruwa."

Ranar da aka raba takardu, ta ƙagu a miƙo mata tata. Ƙawarta ta ci saba'in. Ita kuwa da ta buɗe tata, sai ta ga arba'in da biyar. A ƙasa Malam ya rubuta da jan bironsa: "Ba ki yi gwajin ba. Ƙirƙira kika yi."

Ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa. Makin ya yi mata zafi, amma kalmar ƙirƙira ta fi. Ita da take tsugunne gaban gwangwani kullum har ƙafarta ta yi tsami! Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta nemi izini ba. Sai kawai ta miƙe.

"Malam, wannan zalunci ne!"

Malam ya juyo ya dube ta.

"Me kika ce?"

"Na ce zalunci ne! Waɗanda suka kwafi littafi ka ba su maki, ni da na yi aikin ka ce ƙarya nake yi. Kai ko karantawa ba ka yi ba, jan biro kawai ka iya!"

Ta dunƙule takardar ta jefar. Ta faɗi daidai gaban takalmin Malam. Wani yaro a baya ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Ƙawarta ta sunkuyar da kai.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya dube ta, ya dubi takardar, ya ce, "Ɗauki jakarki. Mu je ofishin Shugaba."

Shugabar makarantar ba mai dogon zance ba ce. Ta saurari Malam, ta dubi yarinyar ta saman tabarau, ta ce, "Ki tafi gida. Kada ki dawo sai da mahaifiyarki."

Barkono ta fito tana huci. Ko a hanya ba ta yi kuka ba. Ta rantse a ranta ba za ta zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya ba.

Da yamma Umma ta dawo daga asibitin da take aikin jinya, a gajiye liƙis. Tana jin labari ta zauna a bakin gado ta yi tagumi.

"Malaminki kika jefa da takarda?"

"Ba shi na jefa ba, ƙasa na jefa."

"Rufe min baki! Haka na koya miki?"

"Umma, ce min ya yi maƙaryaciya. Wallahi na yi aikin. Ga waken can a waje, kowa ya je ya gani."

"Na ji kin yi aikin. Shi ya ba ki izinin zagin babba?"

"Ni ba zan ba shi haƙuri ba. Shi ya kamata ya ba ni."

Umma ta yi mata wani kallo, irin wanda ke sa mutum ya nemi wurin ɓuya. Ta ce, "Gobe ina da aiki, ba zan iya zuwa ba sai jibi. Ki zauna a gida ki yi ta kumburi, in kin fashe a share."

Yayanta yana ƙofar ɗaki yana jin su. Ɗalibi ne a jami'a, kuma ba abin da ya fi so kamar tsokanarta. Da Umma ta fita sai ya shigo ya zauna.

"Ranki ya daɗe, shugabar masu gaskiya."

"Yaya, ka ƙyale ni."

"Ba faɗa na zo ba. Tambaya ɗaya zan yi. Da kika yi ihun nan, maki nawa aka ƙara miki?"

Ta harare shi, ta kau da kai.

"Ko ɗaya, ko? To ai akwai hanya. A jami'a in ɗalibi yana ganin ba a yi masa daidai ba, ba ya jifa da takarda. Yana zuwa ya nemi a sake duba aikin. Sai a rufe makin farko, a ba wani malami daban ya duba. Makarantarku ma ana yi, ki tambaya ki ji."

Ta ɗago kai da sauri. "Da gaske? To ni ma a sake duba min!"

"Tsaya, kada ki yi gaggawa. Makin da malami na biyu ya ba da shi ne zai zauna. Ko ya hau, ko ya sauka."

"Nawa hawa zai yi."

Yaya ya sosa ƙeya yana dariya. "Haka na ce bara. Na tafi da ƙirji a buɗe, na ce a sake duba min jarrabawar lissafi. Malamin na biyu ya gano wani kuskure da na farkon bai ma gani ba. Aka zaftare min maki. Na dawo kamar kazar da ruwa ya ba kashi."

Duk da fushin da take yi, sai da dariya ta kusa kuɓuce mata.

Ya ce, "Shi ya sa nake gaya miki. Can ba a tambayar wa ya fi murya. Tambayar ita ce, mece ce hujjarki? Ke yanzu kin san abin da ya hana waken nan bushewa?"

"Don ba ya buƙatar ruwa mana."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata!"

"To madalla," in ji Yaya, ya tashi ya fita yana fito.

Washegari kowa ya watse. Umma ta tafi asibiti, Yaya ya tafi jami'a. Barkono ta zauna a bakin taga ta cika ta yi fam. Tana jiyo yaran unguwa suna wucewa makaranta. Ba ta taɓa sanin safiya tana da tsawo haka ba.

Da hantsi ya yi sai Kaka ta fito daga ɗakinta, da buta a hannu, tana takawa a hankali saboda ciwon gwiwa. Ta tsaya gaban gwangwanayen. Ta duƙa.

"Sannunku, 'yan jikokina," in ji Kaka. "Kun kwana lafiya? Kai ɗan gata, kai ka sha jiya da rana, ɗan kaɗan ya ishe ka. Kai kuwa marayan Allah, zo ka sha ka ƙoshi."

Ta karkata butar a kan gwangwani mai takarda. Ruwa ya zuba, ƙasa ta shanye.

Barkono ta fito a guje ko takalmi babu.

"Kaka! Me kike yi?"

Kaka ta dafe ƙirji. "Ke ja'ira, za ki tsinka min zuciya! Me nake yi kuwa? Aikin da kika kasa. Kullum ina kallonki, ki ba wannan ruwa ki hana wannan. Wane irin son kai ne wannan? Laifin me ya yi miki?"

"Tun yaushe kike ba shi?"

"Tun da na ga kin fara nuna bambanci."

"Kaka, ba ki ga rubutun ba? An ce kada a ba shi ruwa!"

"Ni na yi boko ne? Na ɗauka suna kika raɗa masa." Kaka ta miƙe tana riƙe ƙugu. "Kuma bari ki ji. Ko da na iya karantawa sai na ba shi. Ba a yi mai ran da zai kwana da ƙishirwa a ƙofar ɗakina ba."

Barkono ta tsuguna ta tura yatsa cikin ƙasar. Ta ji danshi har can ƙasa. Kullum da rana take dawowa, lokacin saman ya riga ya bushe. Ita kuma rula kawai take kai wa ganye. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasar ba.

Jikinta ya yi sanyi. Ashe littafi bai yi ƙarya ba. Ashe layin nan da ta ja a ƙarshen shafi, da ƙarfinta, shirme ta ja wa layi. Hawayen da ta rantse ba za ta zubar ba suka zo da kansu, ba su nemi izini ba.

Kaka ta rikice. "Yau na ga ta kaina. Daga ba wake ruwa sai kuka?"

Cikin shessheƙa ta ba ta labarin komai, har da motar jami'a da madubin likita. Kaka ta zauna a kan kujerarta. Can ta ce, "Ashe ni na ja miki. To ki yi shiru da bakinki mana, wa ya sani in ba ni da ke ba?"

Maganar ta shiga kunnen Barkono ta zauna. Gaskiya ne, babu wanda ya sani. In ta faɗa, ta yarda da bakinta cewa gwajin ya lalace. Malami na biyu zai iya rage ko arba'in da biyar ɗin. In kuma ta haƙura da neman a sake dubawa, jan rubutun nan zai zauna a takardarta: ƙirƙira kika yi.

Ta daɗe tana kallon gwangwanayen. Sai ta share fuska da bayan hannu.

"A'a, Kaka. Zan je, kuma zan faɗa. Na yi kuskure, amma ban yi ƙarya ba. Sai sun san wannan."

Kaka ta yi murmushi har giɓinta ya fito. "Taurin kan nan dai ban san inda kika gado shi ba."

"Wajen wadda ta ce ko ta iya karatu sai ta ba shi ruwa."

"Kin ci gidanku," in ji Kaka. "To ni ma da ni za a je."

Da yamma Barkono ta gaya wa Umma da Yaya. Yaya ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Umma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Neman a sake dubawa haƙƙinki ne, zan tsaya miki. Amma kafin ki nemi haƙƙinki, sai kin biya na Malam."

Wannan karon ba ta yi musu ba. Amma ta kwana tana juya yadda za ta faɗe shi.

Da safe suka kama hanya su uku. Umma a gaba, Kaka a baya da sandarta, Barkono a tsakiya ta rungume gwangwani biyu, ganyen wake yana shafar haɓarta. Ɗalibai suka yi ta leƙe ta taga. Ta ji kunya, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

A ofis suka tarar da Shugaba da Malam Jan Biro. Bayan an gaisa, Barkono ta ajiye gwangwanayen a ƙasa, ta rusuna.

"Malam, ka yi haƙuri. Na yi maka ihu a gaban aji, na jefar da takarda, na faɗi maganar da ba ta dace ba. Ban kyauta ba. Ba zan sake ba."

Malam ya gyaɗa kai. "Ya wuce."

Shugaba ta ce, "To madalla. Shi ke nan, sai ki koma aji."

Barkono ba ta motsa ba.

"Ranki ya daɗe, da saura. Ihun na ba da haƙuri a kansa. Amma maganar makin tana nan. Ina roƙo a sake duba min aikina."

Umma ta dube ta ta gefen ido. Shugaba ta cire tabarau.

"Kin san dokar? Wani malami zai duba. Abin da ya ba ki shi ne naki, ko ya fi wannan ko bai kai ba."

"Na sani. Yayana ya gaya min. Shi rage masa aka yi."

"Kuma duk da haka kina so?"

"Ina so."

Shugaba ta buɗe aljihun tebur ta fito da takardar. Duk ta yamutse. Malam ne ya tsince ta ranar, ya warware ta, ya ajiye. Barkono ta ga haka, kunya ta sake kama ta.

Aka liƙe makin farko da jan rubutun da wata 'yar takarda. Aka aika a kira malamar kimiyya ta manyan aji. Doguwa ce, ba ta cika fara'a ba, kuma manyan ɗalibai ma tsoronta suke ji. Ta zauna ta karanta shafi bayan shafi, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Ta karɓi rula ta auna waken da kanta, ta gwada da awon ƙarshe da ke takardar. Ta kirga ganye, ta dubi zanen.

Can ta ajiye rular ta ɗago kai.

Ta ce, "Awon nan na gaske ne. Wanda bai shuka ba ba zai san ganyen farko ya bambanta da na bayansa ba, ga shi kuma kin zana su daidai. Amma a nan kin ce wake ba ya buƙatar ruwa. Har yanzu kina kan bakanki?"

"A'a, Malama. Kuskure ne."

"Me ya canza miki ra'ayi?"

Barkono ta dubi Kaka. Nan ne wurin da take tsoro. Ta ce, "Waken yana shan ruwa ban sani ba. In na tafi makaranta ana ba shi. Jiya na gani da idona."

"Wa ke ba shi?"

"Ni ce nan," in ji Kaka, ta buga sandarta a ƙasa. "Kuma ban yi nadama ba. 'Yar nan, ki dube shi fa. Wannan a bar shi ya mutu?"

Shugaba ta kau da kai tana tari, amma kowa ya san dariya take ɓoyewa. Malamar ma sai da gefen bakinta ya motsa.

Ta juya ga Barkono. "Ba wanda ya tilasta miki faɗin wannan. Kin san zai rage miki maki?"

"Na sani."

"To me ya sa kika faɗa?"

"Don shi ne abin da ya faru."

Malamar ta ɗauki bironta. Ta ce, "Ba ki tsare gwajinki ba. Ba ki gaya wa mutanen gida ba, ba ki taɓa ƙasar ba. Nan kin rasa maki. Kin ga abin mamaki, maimakon ki tambayi dalili sai kika yanke hukunci. Nan ma kin rasa. Amma kin auna da kyau, kin zana da kyau, kin rubuta abin da kika gani duk da ya saɓa wa littafi. Wannan ba kowa ke iyawa ba."

Ta haɗa lissafi a gefen shafi. Barkono ta runtse ido. Ta ji hannun Kaka ya kama nata ya matse.

"Sittin da biyu."

Ta buɗe ido. Ba ta san lokacin da ta daka tsalle ba, har ta kusa ture gwangwani. Umma ta riƙo rigarta ta ce, "Natsu, a ofis kike."

Malam Jan Biro ya miƙa hannu ya karɓi takardar. Ya ɓare abin da aka liƙa. Ya zare jan bironsa daga aljihu, ya ja layi a kan rubutunsa na farko. Ya ce, "Da na ga ƙarshen shafin sai na ɗauka wasa kike yi da aikin. Ya kamata in kira ki in tambaya. Kin yi gwajin, na janye maganata."

Wannan ya fi sittin da biyun yi mata daɗi.

Malam ya ƙara da cewa, "Da kin zo kin same ni bayan darasi kin yi min bayani, da ba mu wahalar da Kaka da ciwon gwiwa ba."

"Gaya mata dai," in ji Kaka.

Shugaba ta mayar da tabaranta. "Za ki shiga motar jami'a, makinki ya ba ki. Amma jifa da takarda ma yana da nasa makin. Daga yau har ƙarshen zango, ke za ki riƙa ba furannin gaban ofis ruwa kowace safiya."

"To, ranki ya daɗe."

"In ta gaji ku aiko min," in ji Kaka. "Wannan aikin na iya shi."

Da ta koma aji, ta tsaya a gaban allo ta sake ba Malam haƙuri a gaban kowa, tun da a gaban kowa ta yi laifin. Ƙawarta ta matsa mata wuri a benci. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "In za ki sake shukawa ki kira ni. Ni ma ina so in ga abin da idona."

Ranar tafiya jami'a Barkono ta tsinki ganye ɗaya daga waken Kaka, ta sa a cikin littafi. A ɗakin gwaje-gwaje wata ma'aikaciya mai farar riga ta ɓare fatar ganyen, siririya ƙwarai, ta ɗora a ƙarƙashin madubi. Barkono ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Ta ga ƙananan ɗakuna jere, kore shar, da wasu 'yan ƙofofi kamar bakin kifi.

"Ta nan ruwa ke fita daga ganye," in ji ma'aikaciyar. "Shi ya sa shuka ke jin ƙishirwa."

Barkono ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai da na bayanta a layi ya fara ƙorafi.

Da aka yi hutu ita da ƙawarta suka sake shuka wake. Wannan karon ta tara mutanen gida kaf ta yi musu bayani. Gwangwanin da ba a ba ruwa kuwa Yaya ya ɗora shi can saman katanga, inda sandar Kaka ma ba ta kaiwa. Kaka ta yi ta mita, kullum sai ta tsaya a ƙasa ta yi masa sannu.

Ba a daɗe ba ganyen ya yi yaushi ya langaɓe. Barkono ta hau kujera, ta taɓa ƙasar, ta ji ta bushe ƙamas. Ta auna, ta zana, ta rubuta. Sannan ta sauko da gwangwanin ta kai ƙofar ɗakin Kaka.

"Ga marayanki nan, na gama da shi."

Kaka ta riga ta cika buta tana jira.

Har yanzu Barkono ake ce mata, kuma har yanzu in ta ga ba daidai ba sai ta faɗa. Amma ta koyi abin da ya kamata kowane ɗalibi ya koya. In kana ganin ba a ba ka makin da ya dace ba, kada ka yi shiru, kuma kada ka yi rashin kunya. Ka fara bincika aikinka da kyau, domin wataƙila kai ma da naka kuskuren. Sannan ka nemi a sake dubawa, cikin ladabi, da hujjarka a hannu, kuma ka faɗi gaskiya ko da za ta rage maka maki.

Shi kuwa marayan waken da Kaka ta ba ruwa, washegari da safe ya ɗago kai.